ILMI A GIDA: Me Ya Sa Tsakuwa Ta Fi Dutse da Auduga Nisan Jifa?

Ga tambayarmu ta wannan wata. A kawo saurayi guda mai ƙarfi, a tsai da shi a bakin Kogin Wudil, a ba shi abu uku: ɗan dutsen niƙa, da tsakuwa mai girman ƙwan zabo, da curin auduga. A ce ya jefa kowanne iyakar ƙarfinsa wajen tsallake. Wanne zai fi nisa?

Ko yaro ɗan aji ɗaya ya san amsa. Dutsen niƙa zai faɗi kusa, auduga ba za ta wuce taku biyar ba, tsakuwa kuwa sai ta yi nisa kafin a ji faɗuwarta cikin ruwa. Amma in an ce a faɗi dalili, sai magana ta rabu biyu. Wani ya ce abu marar nauyi ya fi nisa. To, ina auduga ta tsaya? Wani ya ce a'a, mai nauyi ne. To, dutsen niƙa fa? Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya ne kawai.

Kada wani ya ɗauka wannan zancen 'yan makaranta ne kurum. Duk shekara in kaka ta gabato, yaranmu sukan fita korar tsuntsaye daga gonakin gero da dawa, da kuma fadamun shinkafa na bakin kogi, musamman in jan-baki ya sauka. Kowane yaro da danƙonsa ko majajjawarsa. Abin da yake sa wa a ciki shi ne zai nuna ko wasan zai ƙare a kan tsuntsu, ko kuwa a idon ɗan maƙwabci. Saboda haka ya kamata uwa da uba su san dalilin nan sarai.

ABU BIYU DA KE JIRAN ABIN DA AKA JEFA

Da zarar abu ya bar hannun mai jifa, hannu ba shi da sauran iko a kansa. Daga nan abu biyu ne ke aiki a kansa. Na fari, ƙasa tana jawo shi. Na biyu, iska tana tare shi.

Mu fara da jan ƙasa. Shekaru da yawa mutane suna tsammani abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa, wai don ƙasa ta fi son sa. Wani malami na ƙasar Italiya, Galileo, wanda aka haifa a 1564, shi ya warware wannan a littafin da ya buga a 1638. Ya nuna cewa in da za a kawar da iska, da dukan abubuwa tare za su faɗi, manya da ƙanana. Saurin abu mai faɗuwa yana ƙaruwa da kusan mita 10 a daƙiƙa, cikin kowace daƙiƙa, ko da dutse ne ko da gashin kaza.

Galileo ba shi da inda zai samu wurin da babu iska. Amma a watan Agusta na 1971, wani Ba'amurke mai suna David Scott, wanda ya sauka a kan wata cikin tafiyar Apollo 15, ya gwada abin a gaban duniya. Ya riƙe guduma a hannu ɗaya, gashin shaho a ɗaya hannun, ya sake su tare. A kan wata babu iska. Guduma da gashi suka taɓa ƙasa lokaci guda.

Haka kuma jifa. In babu iska, abu biyu kaɗai za su yanke nisan jifa: saurin da abin ya bar hannu da shi, da yadda aka ɗaga shi sama. Abin da aka jefa da saurin mita 20 a daƙiƙa, aka kuma karkata shi rabi da rabi tsakanin ƙasa da tsakar sama, watau digiri 45, zai faɗi a wajen mita 41. In saurin ya kai mita 30 a daƙiƙa, sai ya kai wajen mita 92. A wannan lissafi ba a tambayar nauyi ko girma ko kaɗan. Tsakuwa da auduga wuri ɗaya za su sauka.

To, amma mu ba a kan wata muke zaune ba. A Wudil muke, cikin iska.

ISKA BA BANZA BA CE

Domin ba mu ganin iska, mukan ɗauka ba kome ba ce. Alhali tana da nauyi. Iskar da za ta cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, ta ɗan ɗara kilo ɗaya. Ɗakin karatu mai tsawon mita 8, faɗi mita 6, bisa mita 3, iskar da ke ciki ta fi kilo 150. Watau ta fi buhu uku na siminti nauyi.

Duk abin da ke tafiya cikin iska dole ya ture ta daga hanyarsa, ita kuma ta ture shi baya. Wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar mota a hanyar Kano zuwa Wudil ya ji wannan a jikinsa. In ya buɗe tafin hannu, iska ta bugo shi baya da ƙarfi. In ya kwantar da hannun kamar wuƙa, sai bugun ya ragu. In direba ya ƙara wuta, bugun ya ƙaru. Masu ilmi sun auna sun tarar in sauri ya ninka biyu, turin iska yakan ninka huɗu. In sauri ya ninka uku, turi ya ninka tara.

Daga nan mu riƙe abu guda. Iska ba ta san nauyin abu ba. Fuskar da abin ya nuna mata, ita take bugu. Abu biyu masu girma ɗaya da siffa ɗaya, suna tafiya da sauri ɗaya, turi ɗaya iska za ta yi musu. Amma turi ɗaya ba ya yi wa kowa aiki ɗaya. Ranar Juma'a a kasuwar Wudil, in ka sa hannu ka ture ɗan akuya mai gudu, ka tsai da shi. In ka yi wa bijimi irin wannan turi, ko sanin kana wurin bai yi ba. Haka iska take da abin da aka jefa. Marar nauyi nan da nan ta kashe masa gudu, mai nauyi kuwa ya ratsa ta ya wuce.

Ga misali daga wasanni. Ƙwallon tebur faɗinsa milimita 40 ne, nauyinsa giram 2.7. Ƙwallon golf faɗinsa bai kai milimita 43 ba, watau kusan girmansu ɗaya, amma nauyinsa wajen giram 46 ne, ninki 17 ke nan. Ƙwararren ɗan wasa yakan buga ƙwallon golf ya wuce mita 250. Ƙwallon tebur kuwa, kome ƙarfin mai jifa, da ƙyar ya tsallake tsakar gida. Har ma a shekara ta 2000 masu kula da wasan ƙwallon tebur na duniya suka ƙara faɗin ƙwallon daga milimita 38 zuwa 40, domin iska ta ƙara riƙe shi, 'yan kallo su iya bin sa da ido. Milimita biyu kacal, amma 'yan wasa sun ji bambanci.

IN ABU YA ƘARA GIRMA

Yanzu bari mu ɗauki abu biyu na jinsi ɗaya, amma girma dabam. A cura laka biyu, ɗaya faɗinsa kamar yatsa ɗaya, ɗaya kuma kamar yatsa biyu. Babban ya fi nuna wa iska fuska, gaskiya ne. To, ashe shi iska za ta fi riƙewa? A'a. Ga dalili.

In faɗin curi ya ninka biyu, fuskarsa takan ninka huɗu, gama biyu sau biyu huɗu ne. Amma nauyinsa yakan ninka takwas, gama ya ƙaru a tsawo da faɗi da kauri, biyu sau biyu sau biyu. Turin iska ya ƙaru sau huɗu, nauyin da zai jure turin ya ƙaru sau takwas. Saboda haka babban curi ya fi ƙaramin jimiri sau biyu. In sun tashi da sauri ɗaya, babban ne zai fi nisa.

Wannan ne asirin dukan maganar. Ba nauyi kaɗai ba ne, ba kuma girma kaɗai ba. Tambayar ita ce, nauyi nawa ne ke tsaye a bayan fuskar da abin ya nuna wa iska?

Uwayenmu mata sun daɗe suna aiki da wannan ilmi, ko da ba su zauna a aji ba. In an gama sussuka, mace takan ɗaga ƙwarya sama ta yi shiƙa. Tsabar gero ƙarama ce amma a dunƙule take, sai ta faɗo kai tsaye. Ƙaiƙayi kuwa faɗi gare shi babu nauyi, sai iska ta kwashe shi gefe. Ku lura kuma, shiƙa ba ta fid da tsakuwa daga shinkafa, domin tsakuwa ta fi tsabar ma jure iska, tare suke faɗowa. Shi ya sa sai an koma an rege ta cikin ruwa.

Ruwan sama ma haka. Yayyafi yakan sauko a hankali, iska tana yawo da shi. Manyan ɗigo na ruwan tsakiyar damina sukan sauko da saurin wajen mita 9 a daƙiƙa. Ƙanƙara kuwa, in ta yi girma, takan fi haka nesa, har ta yayyage ganyen masara. Daga gajimare duka suka fito, girma ne ya raba su.

Wani zai ce, to ƙurar hunturu fa? Ai ita ce mafi ƙanƙanta, ita ce kuma mafi nisan tafiya. Gaskiya ne. Yawancin hazon da ke rufe mu daga Disamba zuwa Fabrairu daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Cadi, inda ruwan tafkin Cadi na dā ya janye ya bar busasshiyar ƙasa. Tafiyar ta fi kilomita 1,000 kafin ta iso Kano, wani sashe ma yakan ƙetare teku har Amurka ta Kudu. Amma ƙura ba jefa ta aka yi ba, goya ta aka yi. Ba ta da nauyin da za ta yi gardama da iska, sai inda iska ta kai ta. Ka debi toka ka watsa ran da babu iska, ka ga ko za ta wuce taku biyu. Yashin kogi, wanda ya fi ta girma, ko guguwa ta ɗauke shi nan kusa take zubar da shi. Abin da aka jefa yana yaƙi da iska ne, abin da aka goya kuwa ya riga ya miƙa wuya.

INDA NAUYI YAKE ZAMA CIKAS

In haka ne, me ya hana dutsen niƙa ya fi kowa nisa? Ai iska ba ta iya masa kome. Abin da ya hana shi, hannun mai jifa ne. Ƙarfin mutum yana da iyaka. In abu ya cika nauyi, hannu ba zai iya ba shi sauri ba, nisa kuwa daga sauri yake farawa.

Filin wasa ya nuna wannan a fili. Curin ƙarfen da maza suke jifa a gasar duniya nauyinsa kilo 7.26 ne. Ryan Crouser na Amurka ya jefa shi mita 23.56 a 2023. Mashin gasa nauyinsa giram 800 ne, Jan Zelezny na ƙasar Cek ya jefa shi mita 98.48 a 1996. Ƙwallon wasan besbol na Amurkawa wajen giram 145 ne, wani mutumin Kanada, Glen Gorbous, ya jefa shi kusan mita 136 a 1957. Ga shi nauyi yana raguwa, nisa yana ƙaruwa. Amma in aka ci gaba da ragewa har aka kai ƙwallon tebur, sai nisa ya rushe gaba ɗaya. A gefe guda hannu ne ya kasa, a ɗaya gefen iska ce ta yi nasara. Tsakuwa tana tsakiya, shi ya sa ta ci gasar bakin kogi.

Siffa ma tana da nata rabo. Mashi da kibiya suna nuna wa iska ɗan tsini kaɗai, dukan nauyinsu yana jere a baya. Maharban ƙasar Hausa sun san haka tun dā, shi ya sa suke yin jikin kibiya da kyauro marar nauyi, su sa ƙarfe a baki, domin nauyi ya ja gaba, kibiya ta tafi miƙe. A 1984 wani Bajamushe, Uwe Hohn, ya jefa mashi mita 104.80, har ya kusa ƙure filin wasa. Hukumar wasanni ta ga mutanen da ke ɗaya gefen fili suna cikin hatsari, sai a 1986 ta sake ƙirar mashin, aka matsar da nauyinsa gaba da santimita 4 domin ya riƙa sunkuyawa da wuri. Manya ke nan, masu fili a share da alƙalai a tsaye, suka ji tsoron nisan jifa. Balle yara a bayan gari.

DABARAR MASU MAJAJJAWA

To, in mutum yana so ya sami duka biyu, watau abu ya tashi da sauri kuma iska ta kasa riƙe shi, yaya zai yi? Sai ya nemi abu ƙarami amma mai nauyi a jikinsa.

Dukanmu mun san labarin Dawuda cikin littafin Sama'ila na Fari, sura 17. Da zai fuskanci Goliyat, bai tsinci kowane dutse a filin daga ba. Rafi ya gangara ya zaɓi duwatsu biyar waɗanda ruwa ya goge. Makiyayi ne, ya san aikinsa. Dutsen da ruwa ya mulmule yakan fita daga majajjawa ba tare da ya maƙale ba, ya tafi inda aka nufa. Mai kusurwoyi kuwa yakan yi ta juyi yana kaucewa.

Helenawa suka ƙara wani mataki. Wani jarumi marubuci, Zenofon, ya ba da labarin yadda rundunarsu ta komo daga ƙasar Farisa wajen shekara 400 kafin haihuwar Almasihu. Masu majajjawa na Farisa suna jifansu da duwatsu masu cika hannu. Sai Helenawa suka nemo mutanen tsibirin Rodas da ke cikinsu, waɗanda suka iya jifa da 'yan curin darma. Zenofon ya ce jifan darma ya ninka na dutse nisa. Dalilin ba boyayye ba ne. In girma ɗaya ne, darma ta fi dutse nauyi fiye da sau huɗu. Ƙarfe kuwa ya fi dutse nauyi wajen sau uku.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Yaranmu ba su karanta Zenofon ba, amma sun gano dabararsa. A dā curin laka ake busarwa a rana, ko a tsinci tsakuwa. Yanzu kuwa yaro yakan bi ta wurin masu gyaran keke da babur ya tsinci ƙwayar boris, ko noti, ko guntun ƙusa. Ƙwayar ƙarfe mai faɗin santimita ɗaya nauyinta wajen giram 4 ne, tsakuwa mai wannan girma ba ta kai giram ɗaya da rabi ba. Giram 4 ba ya gajiyar da robar danƙo, saboda haka ƙwayar takan fita da sauri. Fuskarta ƙarama ce, saboda haka iska ba ta rage mata gudu sosai. In ta kuskure tsuntsu, ba ta tsaya a gonar ba. Takan wuce kan dawa, ta tsallake shinge, ta isa inda yaron bai ko gani ba, da sauran ƙarfinta. Curin laka in ya bugi bango yakan farfashe, ƙarfe kuwa yakan dawo. Ga shi kuma ƙarami ne, ƙashin gira da na kunci ba su tare shi, kai tsaye yake shiga ƙwayar ido. Hausawa sun ce hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A nan ba karin magana ba ne kawai, zahiri ne.

HARBI SAMA

Akwai wanda ya fi wannan muni, kuma ba yara ke yin sa ba. A wurin biki, ko ɗaurin aure, ko daren sabuwar shekara, wani mai bindiga yakan ɗaga ta sama ya saki wuta don murna. Yana tsammani harsashi ya tafi ke nan. Ina zai tafi? Ƙasar da ta jawo gudumar David Scott a kan wata da irin nata jan, ita ma tamu tana jiran kayanta.

Maharba sun san bambancin. Ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu, da yake kowace ɗaya 'yar mitsitsiya ce, iska takan kashe musu gudu da wuri. Harsashin bindigar soja kuwa an ƙera shi ne musamman domin ya ratsa iska: dogo, mai tsini, mai nauyi. Na bindigar AK-47 wajen giram 8 ne, yana fita da saurin da ya wuce mita 700 a daƙiƙa, in an karkata bindigar kuwa yana iya wuce kilomita 2 kafin ya sauka. Wani hafsan sojan Amurka, Julian Hatcher, ya ba da labarin gwajin da aka yi na harba harsashi sama tsaye, aka tarar yana dawowa da saurin wajen mita 90 a daƙiƙa, watau fiye da kilomita 300 a sa'a. Wanda aka harba a karkace ya fi wannan hatsari, gama yakan sauko da tsininsa a gaba, da sauran gudunsa. A tsibirin Fotoriko, hukumar lafiya ta Amurka ta ƙirga mutum 19 da harsashin murna ya raunata a bikin shiga shekarar 2004, ɗaya daga cikinsu ya mutu. Mai harbi yana can yana dariya, wanda abin ya faɗa wa yana wata unguwa, bai ma san ana biki ba. Jifa a kasuwa ke nan, mai yin sa bai san ko a kan ɗan'uwansa zai sauka ba.

ABIN DA ZA MU YI A GIDA

Ba na cewa a ƙwace wa yara danƙo. Gona tana bukatar tsaro, tsuntsu kuwa ba ya jin roƙo. Amma ga abu biyar da kowane gida zai iya yi.

Na ɗaya, uba ya riƙa duba aljihun yaro kafin ya fita. In ya ga boris, ko noti, ko ƙwallon gilashi, ya karɓe, ya kuma gaya masa dalili. Yaron da ya san dalili ya fi wanda aka tsawata wa kurum riƙe magana.

Na biyu, a koma ga curin laka. Korar tsuntsu ake so, ba kisa ba. Laka takan fashe ta watsu, ta tashi garke duka, ba ta kuwa yin nisan ƙarfe. Gwangwanaye da aka ɗaura a igiya ma suna wannan aiki ba tare da jifa ba.

Na uku, yaro ya koyi duba abin da ke bayan abin da yake nufi. In akwai hanya, ko gida, ko masu wanki a bakin ruwa, ko da yana ganin sun yi nisa, kada ya harba. Kada kuma a kawo danƙo makaranta, ko cikin gida, ko a nuna wa mutum ko da wasa.

Na huɗu, in tsautsayi ya faru abu ya bugi ido, kada a murza, kada a danna, kada a yi ƙoƙarin ciro abin da ya shige. Kada a ɗiga nono, ko ruwan ganye, ko a sa kwalli. A kifa ɗan kofi mai tsabta a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a ɗaure a hankali, a tafi asibiti ran nan, ba gobe ba. Ko yaro ya ce ya daina jin zafi, a kai shi, gama jini yakan taru a cikin ido ba a gani daga waje. Daga Wudil zuwa Kano tafiyar kilomita 40 da 'yan kai ce, a can kuma akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda yake aikin ido tun 1943.

Na biyar, in bikinka ne, kai ne mai iko da shi. Ka faɗa tun da wuri cewa ba ka son harbi sama. Ganga da guɗa sun isa murna. In kuwa kuka ji ana harbi a unguwa, a shigar da yara ƙarƙashin rufi mai ƙarfi, kada a tsaya kallo a waje.

GWAJI NA WANNAN WATA

Ga abin da iyali za su gwada tare bayan cin abincin yamma. A yago takarda biyu daga tsohon littafin rubutu. A bar ɗaya a shimfiɗe, a dunƙule ɗaya tam. Nauyinsu ɗaya ne. A sake su tare daga bisa kai, a ga wadda za ta riga sauka. Sa'an nan a ɗora shimfiɗaɗɗiyar a kan littafi wanda ya fi ta faɗi, a saki littafin. Za ku ga takarda ta bi littafi sun sauka tare, domin littafin ya tare mata iska. Kun yi gwajin kan wata ke nan a tsakar gidanku.

Gobe da safe kuma yara su cura laka iri uku: kamar ƙwayar gyaɗa, kamar ƙwan zabo, da kamar babban kabewa. In sun bushe, a je fili inda babu kowa, yaro ɗaya ya jefa duka da hannu, a auna da taku, a rubuta. A gwada jifa ƙasa-ƙasa, da sama sosai, da tsaka-tsaki. Za ku tarar cikin iska jifa ya fi nisa in an ɗan sauke shi ƙasa da digiri 45. A nan Wudil muna da jami'ar kimiyya da fasaha tun 2001, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Lissafin da ɗalibanta suke yi a allo, daga irin wannan awo da taku ya faro.

Ku aiko mana da abin da kuka auna, da shekarun yaron da ya yi jifan. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba abin da ya sa kwalekwale cike da kaya yake tafiya a kan ruwa, alhali allura guda takan nutse. Ku huta lafiya.